Tarin hunturu ya cika mana rijista: wanne ake kai wa rahoto, wanne ake bari?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan lafiya. Ni ce incaj a wani ƙaramin asibiti a karkara. Mu uku ne, ni da ungozoma da yaron da ke kula da kati. Tun da hunturu ya kankama, kusan duk wanda ya zauna a bencinmu tari yake yi. Jiya da la'asar aka kawo min yarinya 'yar shekara shida. Zazzaɓinta ba mai zafi sosai ba ne, amma ta kasa haɗiyar koko, yawu na dalala, ƙasan haɓarta ya ɗan tasa. Na haska tocila, na hango wani fari-fari a gefe ɗaya na maƙogwaro. Ban iya tantancewa ba, don ta ƙi buɗe baki da kyau. Na ba su magani, na ce su dawo da safe. Wallahi ban runtsa ba. Tambayata: in kira DSNO, jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, a kan zato kawai, ko in jira in tabbatar? Abin da ya sa nake jan ƙafa, bara sau biyu na kira. Aka zo da takunkumi da safar hannu, maganar ta zaga gari, mata suka ƙaurace wa awo da rigakafi kusan mako biyu. Kuma har yau sakamakon samfurin da aka ɗauka bai dawo hannuna ba.

MaiBabur_DSNO:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ki kira yanzu, kafin ma ki gama karanta sauran amsoshi. Abin da kika bayyana ya yi kama da mashaƙo, kuma yana cikin cututtukan da ake kai rahotonsu nan take, cikin awa 24, kuma a kan zato ake kaiwa. Tabbatarwa aikin lab ne, ba naki ba ne, ba nawa ba ne. Ki cike fom ɗin rahoton gaggawa, IDSR 001A, 001B kuma shi zai raka samfuri. In babu fom a hannu, ki rubuta suna da shekaru da unguwa da ranar da ciwon ya fara da tarihin rigakafi a takarda, ki ɗauki hoto ki tura masa. Shi zai shigar a SORMAS, manhajar sa ido kan cututtuka. In layinsa ya ƙi shiga, akwai lamba 6232 ta NCDC, hukumar daƙile cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, kyauta ce.

Likitan_Yara:
Ina goyon bayan Malam DSNO, amma rahoto rabin aikin ne. Maman_Ilham, kada ki jira safiya ta yi nisa, ki aika a ɗauko yarinyar. Ki sa takunkumi, uwar ta rungume ta a cinya, ki danne harshe a hankali ki duba. Abin da kike nema wata fata-fata ce mai ruwan toka, manne da ganda ko bangon maƙogwaro, wadda ba ta goguwa. Kada ki kankare ta, jini za ta yi, kuma ɓallinta zai iya toshe hanyar numfashi. In wuya ya kumbura, ko kika ji ƙara lokacin da take jan numfashi alhali tana zaune shiru, babu sauran zama, sai babban asibiti.

Dalilin gaggawar shi ne, ƙwayar cutar dafi take fitarwa. Maganin karya dafin, wato DAT, wanda ake samarwa daga jinin doki, dafin da ke yawo a jini kaɗai yake kamawa. Wanda ya riga ya shige tsokar zuciya ko jijiya ya wuce hannunsa. Shi ya sa ba ma jiran sakamakon lab kafin mu bayar. Na ga yaro da idona, maƙogwaro ya warke sarai, yana cin tuwo, iyaye suna murna, bayan kwana goma zuciya ta fara bugu ba daidai ba. Wani kuma bayan makonni ya sha ruwa ya riƙa dawowa ta hanci, dafin ya taɓa jijiyar ganda.

Maman_Ilham:
Na gode Dakta. Na tura yaron kati da babur. Amma na riga na ba ta amoxicillin jiya, ashe na ɓata samfurin kenan?

Ɗan_Lab:
Ba ki ɓata ba, Anti, kin dai rage yiwuwar ƙwayar ta tsiro. An fi so a ɗauka kafin a fara magani, amma ba a hana mara lafiya magani don jiran sandar auduga. A ɗauka duk da haka, biyu, ɗaya a maƙogwaro daga gefen fatar nan, ɗaya a hanci, a saka a kwalbar Amies, wadda ake kai samfuri lab a cikinta. Ki rubuta a fom ɓaro-ɓaro cewa ta sha magani, da sunansa da lokacin da ta sha. In sakamako ya fito babu komai, mu a lab mun san ba lallai ne babu ɗin ba.

Kan maganar rashin dawowar sakamako kuma, ba zan kare kowa ba, amma ku ji namu ɓangaren. Akwai ranar da aka kawo min kwalabe bakwai a kula ɗaya, uku babu suna, biyu an rubuta da biro a kan leda gumi ya goge. Wa zan mayar wa amsa? Ku rubuta a jikin kwalbar da alƙalamin da ba ya gogewa, ku sa lambar wayar asibitinku a fom.

Baba_CHO:
'Ya'yana, na shekara talatin ina wannan aiki kafin in ajiye. Abin da yarinyar nan Maman_Ilham ta faɗa game da mata sun gudu, kada ku tsallake shi kamar ƙaramar magana. Rahoton da zai kore miki mata daga rigakafi mako biyu ya yi gyara ya yi ɓarna. Laifin ba na rahoton ba ne, na yadda ake shiga gari ne. Ni a zamanina ba na bari tawaga ta doshi gidan mara lafiya kai tsaye. Mu fara sauka ƙofar mai unguwa, a gaisa, a sha ruwa, a kira liman. Takunkumi da safar hannu suna cikin jaka, sai an shiga zaure ake sakawa. Mutum ɗaya ko biyu ne za su shiga, ba ayari ba. In mai gida ya ji daga bakin mai unguwarsa cewa magani aka kawo wa yaransa kyauta, shi da kansa zai kira maƙwabta.

MaiBabur_DSNO:
Gaskiya ne Baba, Allah ya ƙara girma. Mu ma muna kuskure a nan, musamman in akwai baƙi daga jiha ana sauri.

Abban_Sadiq:
Ni ma'aikacin rekod ne, bari in faɗi abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. Duk Litinin muna tura fom 002 na lissafin cututtuka, ƙarshen wata 003, ko babu komai sai mun rubuta sifili. Shekara nawa muna yi. Ban taɓa ganin takarda ɗaya ta sauko ta ce ga abin da alƙalumanku suka nuna, ga halin da maƙwabtanku suke ciki ba. Ruwa ne mai gudu gefe guda. To yaya za a yi ma'aikaci ya ɗauki abin da muhimmanci? Wasu kwafe na makon jiya kawai suke yi su canza kwanan wata. Na sani, kun sani.

Sista_Rabi_DOTS:
Abban_Sadiq, sifilin nan yana da amfani fa. Asibitin da ya turo sifili ya ce na duba ban gani ba. Wanda bai turo komai ba, ba a san ko ya duba ba.

Abban_Sadiq:
Na yarda Sista, in sifilin gaskiya ne. Sifilin da aka rubuta ba a buɗe rijista ba ya fi shiru haɗari, don yana kwantar wa na sama hankali.

Likitan_Yara:
Akwai rahoton mako-mako da NCDC ke sakawa a shafinta na intanet, kowa na iya saukewa. Sai dai na yarda da kai, na ƙasa baki ɗaya ne, jiha-jiha. Incaj a ƙauye abin da take so ta sani shi ne me ke faruwa a mazaɓar da ke kusa da ita. Wannan a taron wata na ƙaramar hukuma ya kamata a riƙa faɗa, ko da minti goma ne.

Ɗalibar_Nas:
Don Allah iyayena ku yi haƙuri da tambayar ɗaliba. Anti Maman_Ilham ta ce kowa tari yake. Ban da mashaƙo, ta yaya ake ware wanda ke da haɗari a cikin layi mai tsawo haka?

Likitan_Yara:
Tambaya ce mai kyau, ƙanwata. Ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar, agogo ne babban kayan aikinki. Ki ɗaga rigar yaro yana kwance shiru a jikin uwarsa, ki ƙirga numfashi minti ɗaya cur, ba rabin minti ki ninka ba. Jariri ɗan ƙasa da wata 2, numfashi 60 ko fiye ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa 11, 50. Daga shekara 1 zuwa ƙasa da 5, 40. Sannan ki dubi ƙasan ƙirji, in yana lotsawa ciki lokacin da yaro ke jan numfashi. Wannan nimoniya ce, ba mura ba. In ya kasa shan nono, ko yana amayar da komai, ko ya yi jijjiga, ko ya langaɓe ba ya farkawa da kyau, ki ba da maganin farko ki tura. In kuna da na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa, ƙasa da 90 yaro na buƙatar oksijin. A hunturu ki fara murza yatsan ya yi ɗumi, yatsa mai sanyi yana ba da lamba ta ƙarya.

Mafi yawan sauran mura ce da ƙura. Ruwan ɗumi, a share hanci, a ci gaba da shayarwa, a gaya wa uwa alamun da za su sa ta dawo da gudu. Ba kowane tari ne ke son amoxicillin ba.

Sista_Rabi_DOTS:
Ku bar ni in saka nawa, don a hunturu ne ake yi mana asarar masu tarin fuka. Kowa sai ya ce sanyi ne, hazo ne. Tambaya ɗaya ce tak: tarin nan kwana nawa? In ya kai mako biyu, a ba shi kwalba ya kawo kaki a kai GeneXpert, na'urar gwajin tarin fuka. In mai ɗauke da HIV ne, ba a jiran mako biyun. Na'urar kanta cikin kamar awa biyu take ba da amsa, har ta nuna in ƙwayar ta bijire wa rifampicin, babban maganin tarin fuka. Gwaji kyauta, magani kyauta, wata shida. Akwai layin 3340 ga mai neman inda zai je. Wani dattijo mai sayar da goro ya zo min bayan ya sha kwalaben maganin tari sun fi a ƙirga, hula ta yi masa yawa saboda rama. Jikokinsa huɗu a ɗakinsa suke kwana saboda sanyi, an toshe taga da tsumma, ga kaskon wuta. Biyu daga cikinsu sai da muka ɗora su a magani.

MaiKemis_Bakin_Kasuwa:
Na san in aka zo maganar kwalaben tari mu ake nufi. Ba zan musa ba. Amma ku sani, kafin mutum ya zo bencinku ya biyo ta shagona sau biyu. Ni nake fara ganin tarin garin nan. Makon da yara suka fara ciwon wuya a wata islamiyya, ni na fara lura, don iyaye huɗu suka zo neman abu ɗaya a yini guda. Wa zan gaya wa? Ba ni da fom, ba ni da lambar kowa. Masu aikin tarin fuka sun taɓa zuwa suka koya mana, suka bar mana kwalaben kaki, kuma muna turawa. Me ya hana a yi haka a kan sauran?

MaiBabur_DSNO:
Alhaji, ba ka buƙatar fom. Akwai littafin jita-jita da muke ajiyewa, duk abin da aka ji a gari ana rubutawa a bi sawu. Ka je asibitin da ya fi kusa da kai ka karɓi lambar DSNO na ƙaramar hukumarku, tana manne a bango a yawancin wurare. Kira ɗaya daga mai kemis ya sha riga fom ɗinmu isowa da mako guda.

Ungozoma_Ta_Gari:
Ku haɗa da wanzamai. A wajenmu yaro na cewa wuyansa na ciwo, kaka za ta ce belu ne, a kai a cire. Ku yi tunanin aska a maƙogwaron da ke da mashaƙo, sannan a yi wa yaro na gaba da ita. Na zauna da sarkin askar garinmu har gidansa, na nuna masa hoto a waya. Ya daɗe yana kallo, ya ce ya taɓa ganin irinsa, kuma yaron bai yi kwana uku ba. Tun daga ranar in ya ga fari a wuya ba ya taɓawa, sai ya haɗo su da ɗansa zuwa wurinmu.

Majo_Damagaram:
Salamu alaikum daga Nijar. Ina biye da ku tun ɗazu. Mashaƙon da kuka gani a Kano daga ƙarshen 2022 mu ma ya same mu a 2023, jihar Damagaram, kuma Matamaye ta fi jin jiki. Wanda ya san hanyar Daura zuwa Kwangwalam ya san ba abin mamaki ba ne, kasuwa ɗaya muke ci, aure ɗaya, almajirai na kai da kawowa. Mu ma kowane sati muna aika lissafin cututtukan da doka ta wajabta a bayyana, daga CSI, wato ƙananan asibitocinmu, zuwa gunduma, samfuri kuma har Yamai. Matsalar da nake gani, yaro zai kamu a wancan gefe ya kwanta a wannan gefe. Ni na rubuta shi, amma 'yan ɗakinsu suna ƙetaren iyaka, ba wanda zai bi su. Yanzu ni da wani incaj na wajenku mun yi musayar lamba, in na ga nasa in kira shi, in ya ga nawa ya kira ni. Ba wata takarda da ta ce mu yi.

Baba_CHO:
Majo, Allah ya yi albarka. Haka muka yi lokacin sanƙarau na 1996, da ƙafa da keke.

Abban_Sadiq:
Maganar Alhaji mai kemis ta tuna min da Afrilun 2020 a Kano. Su wa suka fara cewa mutuwa ta yi yawa? Masu haƙar kabari. Fom ɗinmu bai nuna komai ba, don dattawan a gida suke rasuwa, asibitoci da yawa sun rage karɓar marasa lafiya. Sai daga baya, bayan an bi gida-gida an tambayi iyalai, ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce rabi ko fiye na mace-macen mai yiwuwa korona ce sanadi. Tsarin da ke jiran mara lafiya ya zo ya yanki kati kafin ya gan shi, kullum a baya zai kasance.

Ɗan_Lab:
Shi ya sa ake da cibiyoyin sa ido na musamman kan mura mai tsanani. Asibitin Malam Aminu Kano na cikinsu. Ma'aunin a sauƙaƙe yake: zazzaɓi 38 ko fiye, da tari, wanda ya fara cikin kwana 10. In har sai an kwantar da mutum, ya shiga rukunin mai tsanani. Ana ɗaukar samfuri a tura babban lab na Gaduwa a Abuja a ga irin ƙwayar da ke yawo. Wannan tsari ya samo asali ne bayan murar tsuntsaye ta 2006, da ta fara ɓulla a wata gonar kaji a jihar Kaduna. Ku a ƙananan asibitoci ba a ce ku ɗauki samfurin kowane mai mura ba. Amma in kuka ga mutum biyu uku daga gida ɗaya ko tsangaya ɗaya da numfashi mai tsanani, ko mai kiwon kaji da kajinsa ke mutuwa ya zo da zazzaɓi da tari, ko ma'aikacin lafiya ya kwanta bayan ya yi jinyar irin wannan, to a kira.

Ɗalibar_Nas:
Na rubuta duka. Na gode Yaya.

Nas_Dare:
Ni ban yarda a ce kira kawai ba tare da an dubi halin da ake ciki ba. Ku da kuke birni kuna da DAT a kusa. Wanda ke tafiyar awa uku a kan hanya marar kwalta fa? Ka gaya wa uba ya nemi kuɗin mota, ya bar gona da dabbobi, ya je a keɓe masa 'ya. In ya ƙi fa? Na taɓa tura wasu, suka ce to, suka fita suka nufi gida. Da na riƙe su na ba da abin da nake da shi, da aƙalla ina ganinta kullum.

Likitan_Yara:
Ban raina wannan magana ba, Malam. In sun ƙi tafiya, ba za ka sallame su hannu rabbana ba. Ka fara azithromycin ko erythromycin, ka ware ta daga sauran yara, ka sa ido a kan numfashi, ka ci gaba da lallashi. Bayan awa 48 a kan magani yaɗuwar tana raguwa ƙwarai. Amma maganin ƙwaya ba ya karya dafi, kuma ba ka da abin buɗe hanyar numfashi in ta toshe da tsakar dare. Rahoton shi ne ke sa a san inda za a kai DAT da mota. Lokacin da abin ya yi tsanani a Kano, ai alƙaluman ne suka sa aka buɗe wuraren jinya a asibitin Murtala da asibitin Zana tare da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF.

Nas_Dare:
Na ji, Dakta. Ina dai so masu rubuta ƙa'ida su riƙa tunawa da mai tafiyar awa uku.

Ungozoma_Ta_Gari:
Maman_Ilham, ki duba katin yaran gidan duka. Penta, allurar rigakafin jarirai mai kariya daga mashaƙo da wasu cututtuka, uku ce, mako 6, 10 da 14. Da yawa sukan karɓi ta farko, yaro ya yi zazzaɓi da kumburin cinya, uba ya hana komawa. Yawancin waɗanda mashaƙo ya kayar ba su cika rigakafi ba, kuma ba jarirai kaɗai ba ne, 'yan firamare da 'yan islamiyya sun fi yawa. Manyan yara Td ake yi musu, allurar rigakafin mashaƙo da tetanus. Ita ma mara lafiyar in ta warke sai an yi mata, don ciwon ba ya ba da tabbacin kariya.

Maman_Ilham:
Na dawo. An kawo ta, na duba yadda Dakta ta ce. Fatar tana nan, ruwan toka, ta rufe gefe ɗaya na maƙogwaro ta fara haurawa sama. Na kira DSNO, ya ɗauka a bugu na biyu. Baba, na bi shawararka, kafin ya iso na je wurin mai unguwa da kaina, shi ya yi wa uban magana a zaure. Da farko ya ce sai gobe in ya sayar da akuya, mai unguwa ya ce a yi amfani da motar kwamitin unguwa, a yi lissafi daga baya. Sun tafi da ita da uwar bayan azahar. An ɗauki samfuri biyu, na rubuta sunan a jikin kwalba da hannuna, na sa lambata.

Na ƙirga yara tara a gidan, kati uku kawai aka samo, ɗaya ne ya cika. An ba 'yan ɗakinsu magani, an ce in riƙa duba su kwana 10. Gobe za mu yi rigakafi a ƙofar gidan mai unguwa.

Abban_Sadiq:
Allah ya ba ta lafiya. Ki rubuta ranar da samfurin ya tafi, Hajiya. In mako biyu ya wuce shiru, ki dawo nan ki faɗa.

MaiBabur_DSNO:
Ki kuma riƙa tuntuɓar DSNO ɗinki, lambar da aka ba yarinyar a SORMAS da ita zai duba. Kada ki manta da kanki da ungozomarki, jiya kin leƙa bakinta, da takunkumi ko babu?

Maman_Ilham:
Babu, Malam. Na gaya masa, ya ce ni ma in fara magani, kuma a duba rabona da Td. Saura abu ɗaya. Yarinyar tana zuwa islamiyyar yamma, ajinsu sun fi sittin a tabarma ɗaya, kuma ta je har ranar Asabar. Malamin ya aiko yana tambaya ko ya rufe makaranta. Wa ke da hurumin ba shi amsa, ni ko ƙaramar hukuma?